Goyon Gero

In ka taɓa tsayawa cin masa a Tungar Maikuɗi, 'yar tungar nan da ke gefen Abare a ƙasar Anka, to ka ga Marka, domin ba yadda za a yi ido ya tsallake ta. Tana zaune a kan kujerar da kafinta ya yi mata musamman bayan ta karya biyu, tanda a gabanta, robar ƙullu a damanta, hayaƙi na shiga idonta ba ta ko ƙiftawa. Masu haƙar zinare, 'yan gida da baƙi, wurinta suke karya kumallo. Sukan ce masar Marka ba ta taɓa ƙonewa. Ita kuwa takan yi dariya ta ce tana ƙonewa mana, sai dai duk wadda ta ƙone cikinta take tafiya. Wasa take yi, amma gaskiya take faɗa.

Ba haka aka haife ta ba. 'Yar Gummi ce, ɗiyar wani masunci, kuma lokacin da Almustapha ya auro ta siririya ce kamar sillen kara. Ta yi noma, ta yi sussuka, ta ɗebo ruwa daga rafi da tulu a kai. Da aka gano zinare a ƙasar, maza suka riƙa kawo duwatsu gida a buhu, mata na dakawa a tsakar gida. Marka ta daka nata a turmin da take surfen gero, ɗanta Ridwan na wasa a gindin turmin, ƙanwarsa Fatiha na goye a bayanta. Ba wanda ya san dutsen yana ɗauke da gubar dalma. A shekarar 2010 yara suka fara sandarewa suna suma a ƙauyuka, Ridwan ya tafi cikin kwana uku. Fatiha, 'yar shekara biyu, likitoci suka ceto ranta, amma ƙafafunta suka ƙage, bakinta kuma bai ƙara haɗa kalma ba. Aka kankare ƙasar gidan aka zuba sabuwa, aka tafi da turmin aka binne. Bayan shekara huɗu rami ya rufta da Almustapha.

Daga nan Marka ta zauna. Ba ta iya barin Fatiha ta tafi gona, tanda kuwa sana'a ce da ake yi a zaune, yarinya na kwance a tabarma inda hannu zai kai. Shekara goma tana zaune, tana lasar ƙullu, tana shan koko da sukari, tana haɗiye baƙin ciki da ƙonanniyar masa. Jiki ya yi ta buɗewa. Mutanen gari kuwa, da yake a wurinsu ƙiba ita ce shaidar jin daɗi, sai yabo suke yi. Gwaggo Amariya, ƙanwar mahaifin Almustapha, wadda take tsohuwar gidan, har bugun ƙirji take yi da ita. Takan ce duk mai cewa ana wulaƙanta matar mamaci a gidansu, ya zo ya dubi Marka.

Ranar da abin ya tashi daga abin yabo ya koma masifa, ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo. Ana idar da sallar azahar aka ji rurin babura da yawa daga yamma, sai harbi. Ba sai an gaya wa kowa ba, 'yan bindiga ne. Tunga ta watse, kowa na ƙafa me na ci ban ba ki ba. Marka ta jawo Fatiha, wadda a lokacin ta kai shekara sha shida, ta ɗora ta a baya, ta yafa zane don ta goya ta. Bakin zanen bai haɗu ba. Ta ja, ta riƙe numfashi, ta sake ja, saura wajen taƙi guda. Ta jefar da zanen ta riƙo yarinyar da hannu, ta yunƙura. Taku uku ta yi gwiwoyinta suka ƙi, suka zube tare.

Makau, ƙanen mijinta, ya zo wucewa da yaro a wuya da yarinya a hannu. Ya daka mata tsawa.

"Marka, tashi! Sa ta ƙarƙashin rumbu ki ruhe ta, ba su kula ta. Ke za su kama. Tashi nac ce!"

Ta tura Fatiha ƙarƙashin rumbu, ta ja zana ta kare ta, ta bi bayan Makau da irin gudun da jikinta ya yarda da shi. A cikin dawa ta kwanta rubda ciki, ƙirjinta kamar zai tsage. Daga can tana jiyo wani sauti da Fatiha kan yi in tana neman uwarta, wani dogon kuka marar hawaye da Marka za ta gane ko cikin kasuwa. Wajen awa uku tana jin sa. Ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije.

Ɓarayin suka kora shanu, suka kwashe kayan shaguna, suka tafi. Marka ta tarar da 'yarta da rai, cinnaku sun yi mata kaca-kaca a wuya da hannuwa. Kwana uku Fatiha ba ta karɓi abinci daga hannun uwarta ba. In Marka ta kawo cokali sai ta juya kai ga bango, in Gwaggo ta kawo sai ta buɗe baki. Mata suka yi ta shigowa suna cewa ai ba laifinki ba ne, kowa haka zai yi. Irin maganar nan ce da ba ta kashe wa mai faɗinta komai, ba ta kuma ƙara wa mai jinta komai. Marka ta san abin da ta sani, ta bar 'yarta ta gudu, kuma mutanen nan za su dawo.

To, a iya saninta, hanyar rabuwa da ƙiba ɗaya ce, yunwa. Ta fara da azumin Litinin da Alhamis, ta ga bai isa ba, ta mayar da shi kullum. In ta sha ruwa, ruwan tsamiya ne da 'yar kanwa, sai lomar tuwo uku. Wata ta ce mata lemun tsami na narka kitse, ta sha har haƙoranta suka mutu. Mako bakwai tana haka. Fuskarta ta zurma, wuyanta ya saki, amma tumbin yana nan daram, ga shi yanzu ko bokitin ruwa ba ta iya ɗagawa. Kowace safiya takan gwada ɗaga Fatiha, kowace safiya yarinyar na ƙara mata nauyi. Tsoro ya cika ta, ta ƙara rage lomar. Wata rana da hantsi tana cikin juya masa duniya ta yi mata duhu, ta kife gefen tanda, mai ya zubo mata a hannu.

Makau ya ɗauke ta a babur zuwa wani ƙaramin asibiti a Anka. Wadda ta wanke ƙunar ita ce Malama Lauratu, ma'aikaciyar lafiya da ta san Fatiha tun lokacin maganin dalma, kuma ita ke duba ta duk shekara. Mace ce gajera mai saurin magana, ba ta iya rarrashi ba. Da ta ji abin da Marka ke ci, sai ta ajiye almakashin.

"Innar Fatiha, kashe kanki kike son yi?"

"Malama, ramewa nika son yi. In na mutu wurin ramewa, ya hi min in sake barin ɗiyag ga ƙarƙashin rumbu."

Marka ta ba ta labarin duka. Lauratu ta jawo kujera ta zauna.

"To ba rama kike nema ba, ƙarfi kike nema. In kin hana jiki abinci, naman da ke ɗaga ki shi yake fara cinyewa, ya bar miki kitsen. Shi ya sa kika ga kina ƙara lalacewa. Za ki ci abinci, ki riƙa ɗaukar nauyi, kaɗan-kaɗan kina ƙarawa. In tsoka ta ginu, kitsen zai bi baya da kansa."

"Ni da ban iya ɗaukar bokiti?"

"Da rabin bokiti za ki fara."

Ta ɗora ta a sikeli, kilo ɗari da huɗu. Ta buɗe katin Fatiha, awon ƙarshe ya nuna talatin da biyar. Marka ba ta san kilo ba, ta ce a gaya mata da abin da ta sani. Lauratu ta ɗan yi lissafi ta ce kamar tiya sha huɗu na gero. Nan take Marka ta gane, domin ta san nauyin tiya a hannunta tun tana yarinya.

Abin da aka ɗora mata ba shi da yawa. Kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani, kuma Lauratu ta rantse in ta ji ta tsallake hutun za ta zo har tunga ta ci mutuncinta. Ta kifa turmi, ta zauna a kai ta miƙe sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, ta huta, ta maimaita har sau uku. Ta dafa bango ta riƙa tura jikinta. Ta ɗauki jarka biyu da ruwa rabi-rabi ta kai ƙarshen gida ta dawo. Sai babban, ta zuba gero tiya uku a buhu, ta goya shi da zane, ta zagaya tsakar gida sau goma. Ba za ta ƙara tiya ba sai ranar da ta gama zagayen tana iya amsa sallama ba haki. Ta ci wake, gyaɗa, zogale, nono ba sukari, ƙwai in kaza ta yi. Ƙonanniyar masa kuwa ta ba awaki.

Washegarin ranar farko Marka ta ɗauka ta nakasa kanta. Cinyoyinta suka yi tsami, sujada ta gagare ta, shiga bayan gida ya zama abin da sai ta yi addu'a. Ta sa Makau ya kira Malama a waya tana kuka. Lauratu ta ce haka yake, jibi ta sake. Ta sake ɗin.

Asiri ba ya daɗewa a gidan da katangarsa ta kara ce. Gwaggo Amariya ta leƙo wata safiya ta ga Marka, mace mai shekara arba'in da huɗu, da buhu goye a baya tana zagaya tsakar gida, gumi na tsiyaya, bakinta na motsi. Ƙirga zagaye take yi, amma tsohuwar ba ta san haka ba. Ta koma ɗaki da salati. A ganinta magana ta fito fili, hankalin Marka ya taɓu, Ridwan da ya rasu take goyo. Kafin la'asar ta dawo da rubutu a ƙwarya da garwashin turare.

"Ɗiyata, wanda yat tahi ya tahi. Aje buhun ga, ki sha wanga."

"Gwaggo, lahiyata lau. Motsa jiki nika yi, likita tas sa ni."

"Wane likita ka sa mace goyon gero? Dubi wuyanki. Mutane na hwaɗin mun hana ki abinci, wasu na hwaɗin wata cuta ta kama ki. Kina son a zage mu cikin gari?"

Marka ta shanye rubutun, tunda dai babu sukari a ciki, ta gyara ɗaurin zanenta ta ci gaba da zagaye. Kafin mako ya ƙare sunan ya bi gari, Marka mai goyon gero. Wasu masu sayen masa suka koma wurin wata, wai ba sa cin abincin mai taɓin hankali. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta ɓoye ba. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Bayan wata biyu, tana kan tiya shida, ta koma Anka da ƙarfin gwiwa ta hau sikeli. Ɗari da uku. Ta ce a sake dubawa, aka sake, ɗari da uku. Marka ta zauna a ƙasan asibitin ta fashe da kuka kamar ranar da aka yi mata mutuwa.

"Wata biyu, Malama! Na bar sukari, na bar masa, na zama abin dariya ga yara. In ba ƙira, mi yac ci gawayi? Ni dai Allah bai nuhe ni da ɗaukar ɗiyata ba."

"Tashi ki kwance zanenki ki sake ɗaurawa," in ji Lauratu. "Ki duba inda bakinsa yake kaiwa."

Ta tashi tana shessheƙa, ta ɗaura. Bakin zanen da a da da ƙyar yake kai cibiya, yanzu ya zarce har kwiɓi.

"Kitse ya tafi, tsoka ta maye wurin, ita kuwa ta fi shi nauyi. Sikeli bai san bambancinsu ba, zane ya sani. Tiya nawa kika fara da shi?"

"Uku."

"Yanzu fa?"

"Shida."

"To me kike yi wa kuka?"

Ta koma gida ta ci gaba. Watan azumi ya mayar da ita baya da tiya biyu, bayan salla ta ƙwato su. Zafin bazara ya zo, tana zagaye ƙasa na ƙona mata tafin ƙafa. Takwas, tara, goma. Hannayenta suka yi tauri, ta fara ɗaukar jarka cike, ta fara tashi daga tabarma ba tare da ta kira sunan Allah da ƙarfi ba. Labarai kuwa ba su daina zuwa ba. Yau a ce an shiga wani ƙauye ta wajen Bukkuyum, gobe a ce an tare hanya. Duk labarin da ya zo sai ta ji kamar ta zuba tiya uku a lokaci guda, sai ta tuna gargaɗin Malama cewa in ta yi gaggawa ta ɓalla baya, shi ke nan an rasa duka.

Tana kan sha ɗaya ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, rumbu ya yi ƙasa. Wata safiya ta shiga ɗaki ta tarar Makau ya kwance bakin buhunta yana auna wa matarsa.

"Makau, geron goyona ne hwa."

"Na sani, matar yaya. Amma geron ga na ci ne. Yara sun kwana da kunun dusa. In kin ga wata dabara, hwaɗa min."

Ba ta ga wata dabara ba, kuma ba ta ga laifinsa ba. Cikin kwana goma buhun ya koma tiya huɗu. Saura uku ta kai inda take so, sai abin awon ya ƙare a tukunya. Ta kwana biyu tana tunani, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, gara ta gwada da yarinyar tun yanzu.

A nan ta gano abin da ita da Malama duk ba su lissafa ba, mutum ba buhu ba ne. Zanen ya haɗu, har da rarar ƙulli, ta miƙe tsaye da Fatiha a baya, zuciyarta ta yi fari. Amma gero ba shi da ƙafafu. Na Fatiha dogaye ne, a ƙage, suna reto suna dukan bayan gwiwar uwar a kowane taku. Ga shi in yarinyar ta tsorata takan banƙare ta ja baya da duk ƙarfinta. A taku na tara ta banƙare, suka tafi ƙasa a karkace, goshin Fatiha ya daki gefen turmi, jini ya wanke mata ido. Marka ta rungume ta tana danna wurin da mayafi, tana ba ta haƙuri. A ranar ta yanke ƙauna. Ta ce wata shida ta yi tana yaudarar kanta.

Gwaggo Amariya ce ta zo ta tsaya a kansu. Ta daɗe tana kallon buhun da ke yashe, tana kallon yarinyar. Sai a lokacin ta gane abin da ake goyo tun farko. Ba ta nemi gafara ba, tsofaffi ba su cika yi ba. Ɗakinta ta shiga ta fito da wani tsohon zane saƙi mai kauri.

"Ba haka aka goyon babba ba. Zane biyu aka sawa. Ɗaya bisa, ɗaya ki kamo ƙahwahun ki kawo su gaba, ki ɗaure bisa cikinki. Haka munka ɗauko kakarku da ruwa yac ci gari. Juyo in gwada maki."

Da zane biyu abin ya yiwu. Kowace safiya, in ta sauke tanda, sai ta goya Fatiha ta fita. Ranar farko ƙofar gida, bayan mako guda gindin kukar bayan gari. Amma inda ake gudu a wannan lokaci ba cikin gona ba ne, domin shuka ba ta wuce gwiwa ba, ba ta ɓoye ko akuya. Sai an haye rafi an kai babbar hanyar Anka, tafiyar da mai lafiya ke yi a rabin awa. Marka ba ta taɓa kai ko rabinta ba.

'Yan bindigar ba su jira ta shirya ba. Wata Talata da hantsi, wata mai tallan nono ta shigo tunga a guje ba ƙwarya a kanta, tana cewa ga su nan bayan dutse. Makau ya ɗora Gwaggo da yaransa a babur, matarsa ta bi da ƙafa. Kafin tsohuwar ta hau, ita ta ja wa Marka ƙullin zane na biyu da haƙoranta. Makau ya ce zai sauke su ya dawo. Marka ta gyaɗa kai, ta san ba zai samu hanyar dawowa ba.

Ba gudu ta yi ba, tafiya ta yi. Kowa ya wuce ta, mata da jarirai, tsofaffi da sanduna, har wani makaho da jikarsa ke ja. Ta wuce kuka. Ta wuce gonar Makau, iyakar inda ta taɓa kaiwa. Daga nan cinyoyinta suka fara wuta, numfashinta na fita da ƙara. Harbi ya tashi a baya, Fatiha ta banƙare, zanen ya riƙe. Marka ta sunkuyar da kai tana ƙirga taku goma-goma, in ta kai goma ta sake daga ɗaya, domin ta san in ta ɗaga ido ta ga nisan da ya rage za ta zauna.

Rafin ya kawo ruwa har cinya. Ba kowa a bakinsa, duk sun haye. Ta shiga, tana jan ƙafa a cikin laka. A tsakiya ƙafar dama ta nutse, ta tafi ƙasa a kan gwiwa ɗaya, ruwa ya kai mata ƙirji, ta ji yarinyar na tari a bayan kunnenta. Babu bango, babu reshe, babu hannun kowa. Ta ji rurin babur a cikin tunga. Ta jawo ɗaya ƙafar ta kafa ta, ta cika ƙirji da iska, ta yunƙura. Ba ta tashi ba. Ta sake, wani abu ya yi ƙara a gwiwarta, ta yi ihun da ita kanta ba ta san tana da shi ba, ta miƙe.

Yadda ta kai hanya ba ta iya ba da labarinsa. Ta dai tuna hannuwa sun ja ta cikin wata a-kori-kura, ana cewa ta kwance yarinyar ta huta. Yatsunta suka kasa kama ƙullin, da wata ta kawo hannu kuma ta buge shi. Haka suka shiga Anka a ɗaure da juna.

Aka sauke su a gidan wani ɗan'uwan Makau, mutum goma sha tara a ɗaki biyu. Labari ya iso cewa an ƙone rumbuna. A kwana na uku Marka ta ɗingisa zuwa asibiti da Fatiha a baya, don a duba gwiwar da tarin yarinyar. Lauratu ta ɗaure gwiwar, ta ce jijiya ce, za ta warke. Sannan ta ce tunda ga su, su hau sikeli tare. Ɗari da talatin. Aka kwantar da Fatiha a benci, Marka ta hau ita kaɗai. Casa'in da ɗaya.

Lauratu ta tafa hannu. "Kilo sha uku kin zubar! Kuma kin san abin da kika hayo rafi da shi? Talatin da tara. Ba sha huɗu kika ɗauka ba, kusan tiya sha shida ne."

Marka ba ta yi murna ba. Ta dubi 'yarta a kan benci.

"Ƙaruwa tay yi ke nan?"

"Ƙwarai kuwa, kilo huɗu. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Me kike ba ta?"

"Abin da kic ce in ci. Waken, da nonon, da ƙwan. Ina iya cin ƙwai tana kallona?" Ta juyo ga Lauratu. "Malama, baɗi ma za ta ƙaru?"

"In tana samun abinci, za ta ƙaru. Ba ta gama girma ba."

"Ni hwa? Har yaushe mutum ka ƙara ƙarhi?"

Lauratu mai saurin magana ta shiga gyara katin da ba ya bukatar gyara. Da za su tafi ta kwance ƙullin abincinta na rana, wake da ɗan mai da dafaffen ƙwai ɗaya, ta tura wa Marka a leda.

A gindin katangar asibitin Marka ta zauna, ta jingina Fatiha a cinyarta, ta buɗe ledar. Wani tunani ya zo mata, irin wanda ba a faɗa wa kowa. In ta riƙa rage wa yarinyar cokali biyu kullum, ba wanda zai sani. Yarinyar ba ta da bakin kai ƙara. Nauyin zai tsaya inda yake, wataƙila ya ragu, kuma ran da aka sake cewa ga su nan, za su haye rafi su biyu. Ba mugunta ba ce, lissafi ne, kuma lissafin daidai yake. Abin da ya fi tsorata ta ke nan.

Fatiha ta ji ƙamshin wake. Ta ɗago ido ta dubi uwarta, ta buɗe baki tana jira, ba ta da wani shakku.

Marka ta ɓare ƙwan, hawaye na sauka a kan ɓawon. Ta gutsura shi ƙanana ta sa mata a baki har ya ƙare. Ta bi da waken, loma bayan loma, ta suɗe gindin ledar da yatsa ta ba ta. Sannan ta goge mata baki, ta juya mata baya, ta jawo zanen farko.